Dizal, Lantarki, Nukiliya ko Sabon Mai: Wane Tsari Ya Fi Rage Ɓarnar Jirgin Ruwan Yaƙi ga Muhalli?

Yarjejeniyar MARPOL, wadda ita ce babbar dokar duniya a kan gurɓata teku daga jiragen ruwa tun 1973 da gyaran da aka yi mata a 1978, ba ta hau kan jiragen ruwan yaƙi ba. Sashe na 3 na yarjejeniyar ya keɓe su ƙarara, haka ma sashe na 236 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Dokar Teku ta 1982, sai dai dukkansu sun nemi kowace ƙasa ta sa jiragenta na soja su bi ƙa'idojin gwargwadon hali, muddin hakan bai tauye aikinsu ba. Saboda haka babu jami'in tashar ruwa da zai hau jirgin yaƙin wata ƙasa ya auna hayaƙinsa ko ya binciki littafin mansa ya ci shi tara. Abin da jirgin zai fesa a iska ko ya zubar a ruwa cikin shekara 30 zuwa 40 da yakan yi yana aiki, mafi yawansa an riga an yanke shi tun ranar da hafsoshi da injiniyoyi suka zauna a kan zanensa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma rundunar da ke shirin sayen sabon jirgi tana da zaɓi aƙalla biyar a gabanta, waɗanda ba su yi daidai da juna ba ko a tsada, ko a haɗari, ko a amfanin da muhalli zai samu.

Kafin a kwatanta su, akwai wani lissafi da ya kamata mai zaɓe ya riƙe, domin shi ne ma'aunin sauran. Ƙarfin da jirgi ke buƙata don ratsa ruwa ba ya hawa kafaɗa da kafaɗa da gudunsa. Idan aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin da ake buƙata yakan ninka kusan sau takwas, a siraran jiragen yaƙi ma yakan wuce haka. Ana ƙera jirgin yaƙi ne don ya iya gudun kilomita 55 a awa ko fiye idan ta ɓaci, amma mafi yawan rayuwarsa a teku tana ƙarewa ne a sintiri, da rakiyar wasu jirage, da jira, a gudun da bai kai rabin wancan ba. Ga jirgin da aka ɗora wa injinan da za su kai shi ƙololuwar gudu, yana amfani da ɗan ƙaramin kaso na ƙarfinsu wata da watanni. Injin tabain, wato injin gas irin na jirgin sama da aka sarrafa don aikin ruwa, yana da sauƙin nauyi da saurin tashi, amma idan aka bar shi yana aiki a ƙasa da ƙarfinsa sai ya riƙa shan mai ba tare da aikin da ya kai man ba. Jiragen distiroya, wato manyan jiragen yaƙi masu gudu, na Amurka samfurin Arleigh Burke suna da irin wannan inji guda huɗu don tuƙi, da wasu uku don samar da lantarki. Injin dizal ya fi haƙuri da ƙaramin aiki, amma shi ma idan ya daɗe a haka ba ya ƙone mai sarai, sai baƙin toka ta taru a cikinsa, hayaƙinsa ya yi kauri. A nan gizo ke saƙa: tambayar da ta fi muhimmanci ba wane inji ne ya fi tsabta a takardar kamfani ba, a'a, wane tsari ne ya dace da gudun da jirgin zai yi a zahiri.

Zaɓi na farko shi ne a tsaya a kan injin dizal da aka sani, a haɗa shi kai tsaye da sandar farfela ta akwatin giya, sannan a tace hayaƙinsa. Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce a fesa ruwan yuriya a cikin bututun hayaƙi, hayaƙin ya ratsa wani matacin sinadari, iskar naitirojin oksaid mai cutar da huhu ta rikiɗe ta koma naitirojin da tururin ruwa. Da wannan ne jiragen kasuwanci da yawa ke cika ƙa'ida ta uku ta hukumar IMO mai kula da sufurin ruwa ta duniya, wadda ta rage wannan iska da kimanin kashi 80 cikin 100 a kan ƙa'idar farko, kuma ta fara aiki a gaɓar Arewacin Amurka a 2016, a Tekun Arewa da Tekun Baltik kuma a 2021. Birtaniya ta sa irin wannan mataci a jiragen sintirinta biyu, HMS Tamar da HMS Spey. Amfanin wannan tsari a fili yake: ya fi araha, kayan gyaransa suna ko'ina, kuma ba sai an sake horar da makanikan jirgi daga tushe ba. Rauninsa biyu ne. Matacin ba ya taɓa iskar kabon dayoksaid mai ɗumama duniya ko kaɗan, sannan yana buƙatar hayaƙi mai zafi sosai kafin ya yi aiki, alhali a ƙaramin gudu, inda jirgin ya fi daɗewa, hayaƙin yakan yi sanyi. Wanda zai bi wannan hanya gara ya raba ƙarfin tsakanin injina huɗu matsakaita maimakon manya biyu, don a kashe wasu a bar ɗaya ko biyu su yi aiki da cikakken ƙarfi.

Zaɓi na biyu, wanda ni a ganina ya fi cancantar a dube shi da kyau, shi ne tsarin gauraye. A nan ana ɗora injin lantarki a kan sandar farfela, wanda janaretocin dizal na jirgin ke ba wuta. Idan ana tafiyar sintiri sai a kashe manyan injina gaba ɗaya, janaretocin da dama can suke kunne don na'urorin rada da firji da fitilu su ɗauki nauyin tuƙi, kuma da yake an ƙara musu aiki sai su koma aiki a matakin da suka fi ƙone mai da kyau. Idan aka buƙaci gudu sai a tayar da injin tabain ko babban dizal. Abin sha'awa shi ne ba don muhalli aka fara wannan ba. Jiragen firiget, wato matsakaitan jiragen yaƙi, na Birtaniya samfurin Type 23, waɗanda na farkonsu ya fara aiki a 1990, an ba su wannan tsari ne don su yi shiru a lokacin farautar jiragen ƙarƙashin ruwa, domin injin lantarki ba ya ƙarar da akwatin giya ke yi. Daga baya Faransa da Italiya suka bi wannan tafarki a jiragensu na FREMM, Jamus a samfurin F125, Holan kuma a jiragen sintirinta samfurin Holland.

Misalin da aka fi ambata shi ne USS Makin Island, babban jirgin dakon sojoji da jirage masu saukar ungulu da Amurka ta ƙaddamar a 2009. A tafiyarsa ta farko daga Misisipi, ya zagaya Kudancin Amurka zuwa San Diyego, rundunar ta ce ya yi tsimin man da ya kai kimanin dala miliyan 2. Ya kamata a karanta wannan adadi da lura, domin jiragen da suka gabace shi a samfurinsa da tukunyar tururi suke aiki, kuma kusan duk wani tsari na zamani zai fi tukunyar tururi tsimi. Duk da haka darasin bai canza ba: a gudun da bai wuce kimanin kilomita 22 a awa ba, jirgin da injin lantarki yake tafiya, kuma a wannan gudu ya fi daɗewa.

Akwai kuma darasi na biyu daga wannan runduna, wanda ya fi na farko ɗaci. Ta yi niyyar ƙara irin wannan injin lantarki a jiragen Arleigh Burke guda 34 da suka riga suka shiga aiki, amma a 2018 ta janye kuɗin shirin, aka bar shi a kan jirgi ɗaya tak, USS Truxtun. Daga cikin dalilan da aka bayar akwai cewa janaretocin jirgin ba a auna su da wannan ƙarin nauyi ba. Idan aka ɗora tuƙi a kan janareta ɗaya da ke riƙe da rada sai ya kusa kai iyakarsa, idan kuma aka tayar da na biyu sai tsimin ya zube. Dabara ɗaya ce, ta yi nasara a jirgin da aka zana da ita, ta ci tura a jirgin da aka liƙa mata daga baya. Wannan shi ne bambancin tsara jirgi don muhalli tun daga zane da yi masa kwaskwarima bayan an gama.

Zaɓi na uku shi ne a mayar da komai lantarki. Babu sandar da ke haɗa inji da farfela; duk injina janaretoci ne da ke zuba wuta a layi ɗaya, daga nan farfela da rada da makamai da kicin kowa ya ɗebi rabonsa. A takarda wannan ya fi kowane tsari kyau, domin kwamfuta ce ke kunna adadin injinan da ake buƙata a kowane lokaci, kuma ana iya ajiye injinan a duk inda ya dace a cikin jirgin. Manyan jiragen dakon jiragen sama na Birtaniya samfurin Queen Elizabeth haka suke, da injin tabain biyu da dizal huɗu, haka ma jirgin distiroya Zumwalt na Amurka mai samar da megawat 78. Sai dai kowane sauyi yana cin rabonsa: daga inji zuwa janareta, daga janareta zuwa na'urar daidaita wuta, daga nan zuwa injin farfela, asarar kan kai kusan kashi 10 cikin 100, alhali akwatin giya kaɗan yake ci. A babban gudu ke nan, jirgin lantarki zalla na iya shan mai fiye da na sanda.

Babban haɗarinsa kuwa ya bayyana a jiragen distiroya shida na Birtaniya samfurin Type 45. An ba su injin tabain na musamman mai suna WR-21, wanda aka ƙera don tsimi ta hanyar sanyaya iskar da ke shiga da kuma maido da zafin hayaƙi, wato dai an yi niyyar alheri. Amma sashen sanyayawar ya riƙa ba da matsala, musamman a ruwa mai ɗumi irin na Tekun Fasha, kuma da yake komai a kan layi ɗaya yake, idan injin ya tsaya sai ƙananan janaretocin dizal biyu su kasa ɗaukar nauyin, jirgin ya yi ɗif, ba tuƙi ba rada. Maganin da aka amince da shi a 2018, a kwangilar fam miliyan 160, shi ne a yanka jikin kowane jirgi a fitar da janaretoci biyun a sa uku da suka fi su ƙarfi. Ba a ce tsarin lantarki zalla ba shi da kyau ba. Abin da ya nuna shi ne yana buƙatar ɗimbin kuɗin gwaji a tudu kafin a sa shi a ruwa, da ƙwararrun ma'aikatan lantarki, da janaretocin ko-ta-kwana masu isasshen ƙarfi. Rundunar da ba ta da waɗannan gara ta bar kaza cikin gashinta.

Makamashin nukiliya, zaɓi na huɗu, shi ne wanda ke ruɗar mai kallo daga nesa, domin jirgin ba ya hayaƙi ko kaɗan yayin tafiya. Tun jirgin ƙarƙashin ruwa na Amurka USS Nautilus a 1954 ake amfani da shi, kuma jiragen ƙarƙashin ruwa samfurin Virginia an tsara su ne su yi rayuwarsu duka, kimanin shekara 33, ba tare da an canza musu makamashi ba. Amma ƙasashe shida ne kawai ke tafiyar da jiragen yaƙi da shi, wato Amurka da Rasha da Birtaniya da Faransa da Sin da Indiya, kuma dukkansu don nisan zango da daɗewa a ƙarƙashin ruwa suka zaɓe shi. Amurka kanta ta yi ritayar manyan jiragen yaƙinta na kuruza masu nukiliya a shekarun 1990 saboda tsada. Nauyin muhallin ba ɓacewa yake yi ba, jinkirta shi ake yi zuwa ƙarshe. A 2019 ofishin binciken kuɗi na Birtaniya ya ba da rahoton cewa jiragen ƙarƙashin ruwa 20 da aka yi wa ritaya suna ajiye a tashoshin ruwanta na Rosayit da Debonfot, ba a wargaza ko ɗaya ba tun 1980, kuma ajiyar kaɗai ta ci kimanin fam miliyan 500. USS Enterprise, jirgin dakon jiragen sama na Amurka mai tukwanen nukiliya takwas, ya daina aiki a 2012, aka shafe fiye da shekara goma ana shawarar yadda za a yi da shi. Tarayyar Sobiyet kuwa a Tekun Kara ta zubar da wasu tukwanenta. Ga runduna mai matsakaicin ƙarfi, wannan ba zaɓi ba ne ma balle a auna shi.

Zaɓi na biyar shi ne a canza man kansa, kuma a nan ne jirgin yaƙi ya fi shan bamban da jirgin kasuwanci. Man da rundunonin ƙawancen NATO ke amfani da shi, mai lamba F-76, ƙa'idarsa ita ce kada tururinsa ya kama wuta sai zafi ya kai digiri 60, domin jirgin da ake sa ran za a harba bai kamata ya ɗauki man da tartsatsi kaɗan zai tayar ba. Haka kuma ana zuba masa mai a tsakiyar teku ta tiyo daga jirgin dakon mai, dukkansu suna tafiya, sau da yawa ma jirgin dakon na wata ƙasa ce. Duk sabon mai da wannan ma'auni za a gwada shi. Iskar gas da aka daskarar ta koma ruwa ba ta da farar wuta, kuma baƙin hayaƙinta kaɗan ne, amma sai an riƙe ta a sanyin digiri 162 ƙasa da sifili a cikin manyan tankoki masu cin wuri, kuma wani kasonta yakan tsere daga inji bai ƙone ba, alhali iskar methen ta fi kabon dayoksaid riƙe zafi kusan sau 80 a cikin shekara 20. Ta yi aiki a jiragen gadin gaɓa na ƙasar Nowe samfurin Barentshav tun 2009, da jirgin Turva na masu gadin iyakar Finlan tun 2014, amma waɗannan jirage ne da ke komawa tashar gida, ba a kuma sa ran makami mai linzami zai same su. Methanol, wani mai dangin barasa, yana kama wuta tun daga kimanin digiri 12, harshen wutarsa da ƙyar ake ganinsa da rana, kuma yana buƙatar tanki fiye da ninki biyu na dizal don tafiya iri ɗaya. Amoniya kuwa guba ce, kuma ɗan yoyo a cikin rufaffen jirgi mai cike da mutane ya isa masifa.

Abin da ya rage shi ne man da aka sarrafa daga tsirrai ko kitse ko tsohon man suya har ya yi kama da dizal, wanda ake zubawa a tankin da ake da shi ba tare da an canza ko ƙusa ba. Amurka ta gwada shi a atisayen rundunonin ruwa na RIMPAC na 2012 kusa da Hawai, rabi da rabi da man da aka saba. Injina sun karɓa lafiya, amma galan 450,000 ya ci dala miliyan 12, kimanin dala 26 kowane galan a lokacin da man yau da kullum bai kai dala 4 ba, aka yi ta ce-ce-ku-ce a majalisa. Da aka sake fitowa a 2016, kashi 10 cikin 100 kawai aka gauraya, daga kitsen shanu. Matsalar wannan mai ba ta injiniya ba ce, ta kasuwa ce da ta gona: yawansa kaɗan ne, jiragen sama na neman sa, kuma idan daga dajin da aka sare aka samo shi, an gudu ba a tsira ba. Amfaninsa ga mai zane shi ne bai tilasta masa yanke shawara yau ba, domin jirgin dizal ko na gauraye da aka ƙera bana zai iya karɓar sa duk ranar da ya samu.

Akwai abin da ba ya cikin zaɓuɓɓukan nan biyar amma yana tafiya da kowannensu, kuma sau da yawa shi ake mantawa saboda ba ya ɗaukar ido a wajen bikin ƙaddamarwa, wato jikin jirgin da ke cikin ruwa. Duk wanda ya taɓa ganin jirgi a busasshen ramin gyara bayan ya daɗe a tasha zai ga koren gansakuka mai santsi daga layin ruwa zuwa ƙasa, da ƙananan halittu masu ɓawo sun manne a farfela da bakin bututun shan ruwa, har sai an sa ƙarfe an kankare su. Wani nazari da aka buga a 2011 a kan jiragen Arleigh Burke ya ƙiyasta cewa kaurin gansakuka kaɗai yana ƙara shan mai da kimanin kashi 10 cikin 100, kuma dattin jiki yana jawo wa samfurin duka asarar kimanin dala miliyan 56 a shekara. Tsimin da wasu ke nema da injina masu tsada, ga shi nan yana zubewa ta wajen fenti.

Zaɓen fentin ma ba sauƙi gare shi ba. Fenti mai gubar TBT da ya yi tashe a shekarun 1970 yana hana komai mannewa, amma ya lalata kiwon kawa a gaɓar Arkashon ta Faransa, ya kuma rikita halittar dodon koɗin teku, har Faransa ta fara hana shi a ƙananan jirage a 1982, yarjejeniyar duniya da ta haramta shi kuma ta fara aiki a 2008. Fentin da ya maye gurbinsa mai jan ƙarfe ne, yana aiki amma yana zubar da ƙarfen a hankali cikin ruwan tasha. Na uku shi ne fentin silikon mai santsi, wanda ba ya kashe komai, gudun ruwa ne ke wanke abin da ya manne. Ya dace da jirgin kwantena da ba ya tsayawa, amma jirgin yaƙi yakan yi makonni a ɗaure a tasha, kuma a nan silikon ba shi da ruwan da zai wanke shi. Wanda ya zaɓe shi dole ya haɗa da tsarin goge jikin jirgi a kai a kai. A gefe guda kuma akwai ƙananan dabaru masu arha da kwalliyarsu ke biyan kuɗin sabulu: faifan ƙarfe da ake ɗorawa a ƙasan bayan jirgi don gyara yadda ruwa ke barinsa, wanda Amurka ta fara sa wa jiragenta tun ƙarshen shekarun 1980 kuma yake rage mai da 'yan kaso kaɗan, da kuma jona jirgi da wutar tudu idan yana tasha don a kashe janaretocinsa, al'adar da rundunonin ruwa suka riga 'yan kasuwa farawa.

A batun ƙara, buƙatar yaƙi da ta muhalli sun haɗu a wani wuri sun rabu a wani. Jirgin da aka ɗora injinansa a kan matasan roba, aka kuma zana farfelarsa don kada ta tayar da kumfa mai fashewa, ya ɓuya daga abokan gaba kuma bai dami dabbobin teku masu dogaro da sauti ba. A nan tsarin gauraye da na lantarki sun sake fin dizal na sanda. Amma na'urar sona mai aika sauti mai ƙarfi don gano jirgin ƙarƙashin ruwa wani abu ne dabam. An danganta mutuwar manyan dabbobin wel a gaɓar Bahamas a Maris 2000 da ita, haka ma a tsibiran Kanari a 2002, har Sifen ta hana amfani da ita a ruwan tsibiran a 2004. Wannan ba inji ne zai warware shi ba, sai dokar inda za a yi atisaye da lokacin da za a yi shi.

Idan aka ɗora duk wannan a sikeli, ga inda nake ganin ya rinjaya. Ga ƙaramin jirgin sintiri da ba ya nisa da gaɓa, dizal mai mataci da aka raba shi gida huɗu ya wadatar, idan kuma kuɗi sun kai a ƙara ƙaramin injin lantarki don tafiyar hankali. Ga firiget da babban jirgin sintiri, waɗanda su ne ƙashin bayan yawancin rundunoni, tsarin gauraye ya fi, domin yana kama tsimin a daidai inda man ke zubewa, yana ƙara shiru, kuma idan lantarki ya ɗauke akwai sandar da za ta kai jirgin gida. Lantarki zalla ya dace da manyan jirage masu yawan buƙatar wuta, a hannun ƙasar da za ta iya biyan kuɗin gwajinsa. Iskar gas da methanol a bar su ga jiragen gadin gaɓa da na horo da na hidimar tasha. A kowane hali, wajibi ne mai saye ya miƙa wa magina bayanan gudun da tsofaffin jiragensa suka yi awa bayan awa, ba gudun da hafsoshi ke fata ba, sannan ya nemi a bar sarari da ƙarin ƙarfin janareta don batir ko wata na'ura da za ta zo bayan shekara 15, domin rashin wannan sarari ne ya kayar da shirin Truxtun.

Saura kayan da ake gina jirgin da su, da kuma ranar da zai daina aiki. Ƙarfe yana da nauyi, amma kusan dukkansa ana narkarwa a sake amfani da shi. Alminiyam ya fi sauƙi, sai dai narka shi tun farko yana cin wuta mai yawa, kuma yana saurin laushi a gobara. Haɗin zare da roba, irin wanda Suwidin ta gina jiragen Visby da shi, yana rage nauyi da shan mai, ba ya tsatsa, amma idan ya tsufa da wuya a yi wani abu da shi banda niƙawa ko ƙonawa. Haka nan kumfar kashe gobara ta AFFF, wadda ɗakin binciken rundunar ruwan Amurka ya taimaka aka ƙirƙira a shekarun 1960, ta ceci rayuka da yawa amma tana ɗauke da sinadaran PFAS da ba sa ruɓewa, kuma dokar Amurka da ta umarci sojoji su daina amfani da ita a tudu ta keɓe jiragen ruwa. Yarjejeniyar Hon Kon kan wargaza jirage, wadda ta fara aiki a ranar 26 ga Yuni 2025, ta wajabta wa jiragen kasuwanci riƙe kundin duk wani abu mai haɗari da ke jikinsu da inda yake. Ba ta hau kan jiragen yaƙi ba, amma mai saye na iya rubuta ta a kwangila, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba idan aka fara tun ranar gini.

Rashin irin wannan kundi mai inganci ne ya dagula al'amarin Clemenceau, tsohon jirgin dakon jiragen sama na Faransa. An ja shi daga Tulon a ƙarshen 2005 zuwa Alang ta Indiya don a wargaza shi, aka yi ta gardama a kan yawan asbestas, wato abin tare zafi mai cutar da huhu, da ya rage a jikinsa, har Shugaba Jak Shirak ya umarci a dawo da shi a Fabrairu 2006. Sai a 2009 aka kai shi Hatilful ta Ingila aka yanka. Ɗan'uwansa Foch, wanda Burazil ta saya a 2000 ta sa masa suna São Paulo, an ja shi zuwa Turkiyya a 2022, Turkiyya ta soke izinin shigarsa saboda shakku a kan kundin kayan gubarsa, ya juyo, tashoshin Burazil ma suka ƙi karɓar sa, ya yi watanni yana gararamba a bakin gaɓa ruwa yana shigarsa. A ranar 3 ga Fabrairu 2023 rundunar ruwan Burazil ta nutsar da shi a Tekun Atilantika, kimanin kilomita 350 daga gaɓa, a zurfin da ya kai mita 5,000, da asbestas ɗinsa da fentinsa da wayoyinsa duka.